Ranar da Na Kai Hannatu Sabon Gari

Ƙarar ludayi a gindin tukunya ce ta yanke maganar. Shekarar fari ce, rumbu ya kai ƙasa, yara biyar na kankare tukunya ɗaya. Huɗu nawa ne. Ta biyar Hannatu ce, 'yar maƙwabciyata Malama Rifkatu, Kirista, malamar firamarenmu, wadda Allah ya karɓi ranta da damina. Maigida ya ce, "Tana da kawu a Kano. Kada amana ta rame a hannunmu."

Zuwa Ɗanbatta

Mun fita bayan sallar asuba, a amalanken wani mai kai itace. Na ɗaure mata kayan uwarta da ɗan ƙuli-ƙuli. A tasha babu man fetur, direbobi na kwance ƙarƙashin motoci. Sai da hantsi wata a-kori-kura ta tashi.

"Hajiya, 'yarki ce?" in ji yaron mota. "In taki ce, ɗora ta a cinya."

Na ɗora ta.

Hanyar Kano

Gonaki hagu da dama, gero ya bushe a tsaye. Shingen jami'ai biyu muka wuce, ana soka buhuna ana neman hatsi. Hannatu ba ta yi barci ba, tana riƙe da bakin mayafina.

Sabon Gari

Bayan azahar muka sami kawun, Malam Bulus, a cocin da yake wa aiki. Na tsaya a bakin ƙofa, daga nan ina hango komai. Shi ke kula da abin kiɗansu, ogan. Bututai ne jere a bango, babban ya fi mutum biyu tsawo, ƙaramin bai kai yatsa ba. Ya ce tun zamanin Turawa aka kawo shi a jirgin ƙasa, gunduwa-gunduwa. A bayansa akwai zugazugi irin na maƙera, na fatar tumaki, da sandar da ake dannawa iska ta shiga.

Hannatu ta ƙi sakin mayafina. Ya durƙusa gabanta.

"Uwarki ce ke yi mini zuga tana kamar ke. Raguwa ce, kullum sai ta bar ni ba iska a tsakiyar waƙa. Ke fa?"

"Ni ina daka," ta ce.

Ta sake ni, ta kama sandar da hannu biyu. Shi kuma ya danna maɓallin kiɗan, babban bututun ya yi nishi har na ji shi a haƙarƙarina. Ya dube ni ta saman kanta, ya gyaɗa kai. Na juya. Ƙarar ta rufe takuna har bakin titi.

Komawa

Na kwana gidan yayata a Bacirawa, washegari da la'asar na iso gida. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka mana a hanya.

Ina shimfiɗa wa yara, autata Rabi, wadda suke kwana tare da Hannatu, ta tsaya tana kallo.

"Umma," ta ce, "tabarmar nan ta yi mini yawa."