Baba Mai Lauje da 'Yar Baƙuwarsa

Ƙarfe shida na safe Baba Mai Lauje yake jingine kekensa a jikin tankin ruwan asibiti. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya zauna kan bulo ya wasa laujensa, sannan ya bi ciyawa: gaban ɗakin haihuwa, gefen ɗakin magani, zagayen wurin ajiye motoci. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idonsa na hagu ya mutu, na daman ma ya fara yana.

Wuri ɗaya ne ba ya yi wa gaggawa, wani ɗan tsiri, siririn fili bayan ɗakin wanki da bai fi taku ashirin ba. Nan wata 'yar ciyawa take fitowa da ruwan farko. Tsayinta bai kai tafin hannu ba, furenta fari mai kunnuwa huɗu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wata malamar jami'a da ta zo jinyar mahaifiyarta ta taɓa durƙusawa ta duba ta. Ta ce dangin kabeji ce, 'yar asalin wurin, kuma ta daɗe rabonta da ganin irinta, don siminti ya cinye inda take fitowa. Baba bai riƙe dogon sunan da ta faɗa ba. Shi 'Yar Baƙuwa yake ce mata, saboda mako shida take yi ta mutu. Ba ta da saiwar da za ta jira baɗi. In aka yanke ta kafin kwasfarta ta bushe ta zubar da iri, to sai wani ikon Allah.

Shi ya sa yake barin tsirin har sai ya kaɗa kwasfar da yatsa ya ji tana ƙara. Manajoji uku sun ba shi takardar gargaɗi a kan haka, wai ya bar daji a asibiti. Mata masu wanki kuwa kullum sai sun tsokane shi, ko ya je gai da amarya. Yakan ce ai ta fi su kunya, tunda ba a taɓa jin bakinta ba.

Daga baya babbar nas ta gaya mini cewa tagar ɗakin masu doguwar jinya tana kallon wurin. Ta ce akwai wani direba da ya yi wata huɗu a kwance ba mai zuwa duba shi, ba ya kula kowa, amma kowace safiya sai ya tambayi Baba fure nawa suka buɗe. Baba ya tsaya ya ƙirga masa.

Bana aka ba wani kamfani yankan ciyawar, ni kuma ina cikin ma'aikatansa. Tun da na bar makaranta a aji biyu na yi wankin mota, na yi dako, na yi gadi, ban taɓa cika shekara a wuri ɗaya ba. Aka miƙo mini inji aka ce kada in bar ko sili ɗaya. Ranar Baba yana layin likitan ido. Minti biyar ban yi ba na share tsirin, kwasfar tana kore shar.

Da ya dawo sai ya durƙusa yana lalube da hannu. Na jira zagi, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kwana tara ya rage mata, ɗana."

Washegari ya kira ni gindin tanki, ya zaro wata 'yar kwalbar magani. Irin bara ne a ciki, bai cika rabin cokali ba. Ashe kowace shekara yakan ɗebi kaɗan ya ajiye saboda rana irin wannan. Ya ce idonsa ba zai ga ruwan farko na baɗi da kyau ba, kuma in ya ajiye aiki mai gadi ba zai bar shi ya shigo da lauje ba. Na ce ya ba wani mai hankali, ni ba na zama wuri ɗaya.

Ya ce, "Wanda ya yanke shi ya san wurin."

Baba, kai ne gatan abin da ba shi da mai magana. Kai ne ka karɓi faɗan manya shekara da shekaru saboda furen da akuya ma ba za ta tsaya masa ba. Ba za a yi maka taron sallama ba, na tambaya. Shugaban kamfaninmu ma ya ce baɗi feshin maganin ciyawa za a yi, a huta da yanka. Ban san ko zan iya hana shi ba, ban kuma san ko irin zai tsiro ba.

Na gode, Baba. Allah ya saka, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu riƙe da inji da lauje, ku riƙa sunkuyawa ku duba kafin ku yanke. An yi mini tayin aiki a wani gari, na ce sai bayan ruwan farko. Kwalbar tana aljihuna.