Aminina Ya Gane Ciwona, Ya Yi Shiru Har Na Rasa Ƙafa

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ni manomi ne daga wani ƙauye a arewacin Bici. Lokacin da abin nan ya faro ina magidanci mai jini a jika, na ɗan haura arba'in. Gero da dawa da gyaɗa nake nomawa, in ana gayya kuwa ni ake sa wa a kunyar farko. Allo na yi, ban yi boko ba, ban kuma taɓa kwanciya a asibiti ba. Ɗakin shan maganin garinmu ya daɗe da zama gini kawai, sai ranar rigakafin yara ake ganin ma'aikacinsa, don haka duk wanda jikinsa ya motsa kemis yake nufa. Mai kemis ɗin aminina ne tun ƙuruciya, tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya. Shi Allah ya ba shi damar karatun aikin lafiya, ya dawo gida muna ce masa likita, ina tinƙaho da shi a ko'ina.

Da ƙishirwa ciwon ya fara. Sai in shanye kwano guda kamar ban sha ba, ga yawan fitsari har alwala ta gagare ni riƙewa, ina ci ina ramewa. Na zayyana wa aminina komai, har da yadda kiyashi ke taruwa inda na yi fitsari. Na tuna ya kalle ni, sannan ya ce taifot ne da zazzaɓin sauro, ya ɗaura mini ƙarin ruwa, ya haɗa ni da ƙwayoyi. In na ji dama-dama in koma gona, in jiki ya rikice in koma wurinsa. Haka damina ta wuce, wata ta zo. Matata ta sha roƙona mu je birni a auna jinina, ni kuwa sai in ce mata ina da likita a gida, me zan nema wurin waɗanda ba su san ni ba.

Ana cikin girbin gero kututturen kara ya soke ni a tafin ƙafa. Ko zafi ban ji ba, jini kawai na gani a takalmi. Raunin ya ƙi warkewa. Aminina yana wankewa yana naɗewa, yana cewa sanyi ne ya shige shi. Da yatsuna suka yi baƙi, wari ya hana yara shiga ɗakina, sai ƙanin matata ya ɗauko mota bai nemi shawarata ba, ya kai ni wani babban asibiti a Kano. Can aka ɗiga jinina a kan wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Kafin in gyara zama likitar ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cina. Ta tambaye ni cikin faɗa me ya sa mu mutanen ƙauye ba ma zuwa sai abu ya lalace.  Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Duk wannan na ɗauke shi ƙaddara, na yi haƙuri. Abin da ya karya ni ya faru ne ranar da na koma ganin likita da sandunana. A bencin masu suga na tarar da aminina, ya rako wansa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a birni. Dattijon ya yi mini jaje, sannan cikin hira ya shiga sa wa ƙaninsa albarka. Ya ce shekarun baya da ya fara yawan ƙishi da fitsari, ƙanin nan nasa ne ya gane nan take, ya auna shi da na'urar da yake ajiyewa a kemis, ya kawo shi nan da kansa, ga shi yau da ƙafafunsa yake zuwa masallaci. Na juya na kalli aminina, na ce, “Ashe ka sani?” Ya sunkuyar da kai. Can ya ce ya yi zargi tun ranar farko, amma ya ga maganin suga na har abada ne, ga zaryar birni, ga sauya abinci, manomi irina ba zai iya ɗauka ba, shi ya sa bai so ya tayar mini da hankali ba. Na ce masa da ya bari na ji da kunnena, ko gona ce da na sayar.

Yanzu 'ya'yana ke noma, ni ina zaune a zaure ina tufkar igiya. Aminina ya zo neman gafara da dattawa, na ce na yafe don Allah, amma har yau in na ji muryarsa a waje sai abin ya dawo mini sabo. Na gane cewa nisan asibiti ba shi kaɗai ke cutar talaka ba. Akwai masu duban rigarka su yanke hukuncin ko ka cancanci sanin abin da ke jikinka. 'Yan'uwana na karkara, in ciwo ya ƙi jin magani, ku nemi a auna ku, ko da wanda ke duba ku ɗan ɗakinku ne. Ku kuma ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah, ku faɗa wa mara lafiya gaskiya. Shi ke da jikinsa, ku bar shi ya zaɓi abin da zai iya.