Ranar da Muka Jira Kashin Ɗan Gulbi

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni ƙauyen Adabka duba Ɗan Gulbi ba. Lokacin ina mataimakin malamin dabbobi a Bukkuyum, wato mu ne masu bin ƙauyuka da jakar magani, likita yana ofis. Aikinmu yawanci shanu ne da tumaki, amma ni tun ina yaro sukuwa ce cutata. Ɗan Gulbi kuwa akawali ne, wato baƙin doki, na Baba Ɗanjuma, kuma a idona ya tsere wa dawakin Gummi da na Anka a sukuwar bayan kaka.

Washegarin sukuwar da hantsi aka zo mini da babur. Na tarar da shi a barga ya jiƙe da gumi, yana tonon ƙasa, yana waiwayar cikinsa. Na kara kunne a cikin, shiru. Na san ba lafiya, domin cikin doki mai lafiya ba ya rabuwa da ƙugi.

Na ce, "Baba, me ya ci?"

"Wallahi Malam, ba mu ba shi komi ba sai alheri. Mutane na sunka zo barka."

Ashe tun da aka dawo da shi, duk wanda ya zo taya murna da ƙwaryar gero ko dawa yake zuwa, kuma sai ya ba dokin da hannunsa. Wa zai ce wa surukinsa ko limamin gari ya mayar da ƙwaryarsa? Doki kuma ba ya amai. Abin da ya shiga, in bai fita ta baya ba, shi ne ajalinsa.

Na hau tudu na samu likita a waya. Ya ce, "Yi masa allurar kashe ciwo, ka zura masa mai ta hanci. Kada ka bari ya kwanta ya yi birgima, hanji zai murɗe. In ya murɗe, daga ni har kai ba mai iya cetonsa."

Na zura masa robar ɗura ta hanci. In ta kuskure ta bi hanyar huhu, ni na kashe shi. Na shinshina bakinta, na ji tsamin gero, na san ciki ta shiga, sannan na ɗura man gyaɗa.

Daga nan sai zagaye. Ni da Baba muka riƙa jan sa a fili cikin rana. Duk lokacin da gwiwarsa ta lanƙwashe, sai na ji kamar tawa ce. Baba yana ta cewa, "Tashi, ɗana, kak ka yi man haka." Waɗanda suka kawo geron suka yi cirko-cirko, kowa idonsa a ƙarƙashin wutsiyar doki. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, ba komai. Ni dai har na fara tunanin yadda zan dubi fuskar tsohon nan.

Rana ta yi sanyi sai Ɗan Gulbi ya tsaya, ya ɗaga wutsiya, ya saki iska mai ƙara, kashi ya biyo. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Baba ya durƙusa a gaban kashin yana kuka, ni ma ban tsira ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan, in doki ya ci sukuwa, kada ku tsaya tafi. Ku riga masu barka isa ƙofar barga. Mai shi ba zai iya ce musu a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ku za ku faɗa a madadinsa, ko da za a ce ba ku da ladabi.