Dakta Sulaiman, wanda ya gyara mini muƙamuƙi da ƙashin ƙafata

Ina shirin fita makaranta da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Ringim. Dakta Sulaiman ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu jakata tana bakin ƙofa, na kasa fita.

Da yawanku kun san ni da tabon da ke ƙasan haɓata da ɗan ɗingishin da nake yi lokacin sanyi, amma ban taɓa ba ku labarinsu ba.

Ina koyarwa a firamare a Limawa abin ya fara, kamar ciwon haƙori. Aka cire haƙorin, kumburi bai tsaya ba. Shekara huɗu muƙamuƙina na ƙasa yana girma, har haƙora suka fara gocewa, magana ta daina fita daidai. Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci mata suka koma manyan hijabai, wallahi ni murna na yi, don na sami inda zan ɓoye fuskata. Daga baya ajin ma na bar shi. Yara ba sa jin abin da nake faɗa.

A wani babban asibiti a Kano na haɗu da Dakta Sulaiman. Ya duba hoton ƙashin, ya ce ƙari ne, ba ciwon daji ba, amma ya cinye ƙashin, dole a cire shi. Za su ɗauko wani daga ƙafata su maye gurbinsa.

Baffana makiyayi ne, bai taɓa kwana a asibiti ba. Ya miƙe tsaye ya ce, "Likita, baki ya lalace, kuma a lalata ƙafa? Tashi mu tafi, Hajara."

Dakta bai yi fushi ba. Ya gaishe shi da Fillanci, ya roƙe shi ya zauna. Ya fita da kansa ya dawo da karan dawa.

Ya ce, "Baffa, ƙwaurin mutum ƙashi biyu ne. Babban shi ke ɗaukar jiki. Siririn da ke gefe, ko an ɗebi tsakiyarsa za ta yi tafiya." Ya tsattsaga karan wuri biyu, ya lanƙwasa shi ya yi siffar haɓa, ya kara a fuskarsa. Ya ce haka za su yi wa ƙashin, su ɗaure shi da ƙarfe da ƙananan kusoshi, su ɗinke jijiyar jininsa da ta wuyana don ya rayu.

Baffa ya ce, "In ya ƙi kamawa fa?"

"Yana iya ƙi, Baffa. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in aka bar shi, wata rana ko kunu ba zai wuce ba."

Baffa ya daɗe yana juya karan a hannunsa. Sannan ya ce a yi.

Ranar tiyatar, tun safe har bayan la'asar suna kaina, shi da wani abokin aikinsa da ya zo daga waje. Kwanakin farko kusan kowace awa sai ya leƙo ya duba ko jini yana gudana a wurin. Ta roba a hanci nake cin abinci. Ranar da na ga fuskata a madubi, a kumbure, duk ɗinki, na yi kuka na ce da an bar ni yadda nake. Dakta ya ja kujera ya zauna har na gama.

Bayan an sallame ni ya ce duk ranar da zan zo kilinik in taho da littafin aji uku. Sai ya tsaya can ƙarshen ɗaki ya ce in karanta.

"Malama, ɗaga murya. 'Yan bencin baya ba sa ji."

Bayan shekara ɗaya na koma aji.

Bara na je gidansa a Ringim, ya yi ritaya, hannunsa har rawa yake. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, amma na ga bai gane ni ba. Na ce, "Baba, Hajara ce, ta Limawa, mai muƙamuƙi."

Ya gyara tabarau, ya dubi fuskata ta dama, ya duba ta hagu. Sai ya yi dariya har da hawaye.

"Alhamdu lillahi. Tunda ban gane ki ba, aiki ya yi kyau."

Ashe ganinmu na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙan Baba Dakta, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da Aljannar Firdausi. Allah Ya ba Hajiya da yara haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'arsa ta yau.