Motar Dogo Ta Sauka Yatsu Uku

Shekara talatin da ɗaya Dogo ya yi yana tuƙa manyan wani kamfanin gine-gine. Motocin duk baƙaƙe ne, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa tambayarsa ko tashar rediyon da yake so a kunna ba. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya miƙa makulli, ya hau motar haya ya koma gida.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, keken ɗinkinta yana nan lulluɓe da zane inda ta bar shi. 'Yarsa tilo tana aure can nesa, takan kira ranar Asabar ta tambayi lafiyarsa, yara suna ihu a bayanta, minti uku an gama. Wadda ta rage masa a kusa ita ce yayarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda har gobe Auta take ce masa duk da furfurar da ta cinye masa gemu.

Da kuɗin sallamarsa ya sayi ƙaramar mota ruwan toka, tsohuwa amma injinta lafiya lau. Aikinta ɗaya ne tak: duk Alhamis ta biyu ya ɗauki Yaya ya kai ta asibiti a gasa mata ƙafa. Sauran kwanakin sai ya wanke ta, ya goge, ya zauna a kan benci yana kallonta. A wannan kallon ne ya lura ƙafafunta ba su yi masa ba. Wilin ƙarfe ne baƙi, da marfin roba da ya tsage, ga wani fili tsakanin taya da jiki kamar wandon da ya ɗage.

Shagon Mai Taya yana bakin babban titi, kusa da masu walda. Dogo ya shiga da niyyar tambaya ɗaya, ya yi awa biyu. Wiloli ne rataye a bango sahu-sahu, masu ƙafa biyar, masu ƙafa goma, wasu suna ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Mai Taya, wani kakkauran mutum mai sanƙo, ya turo masa kujera ya ce, "Baba, wanne ya kwanta maka?"

Dogo ya zauna a kujerar. Ya daɗe rabon da wani ya yi masa irin wannan tambayar ya kuma tsaya jiran amsa.

Sau tara ya koma shagon kafin ya sayi ko noti. Yau ya zo da igiyar awo ya auna ramukan noti, gobe ya zo su yi gardama kan inci sha shida da sha bakwai. Mai Taya ya bayyana masa cewa babban wili yana tafiya da siririyar taya, ita kuma siririyar taya ba ta yafe rami, duk abin da titi ya yi mata sai ta kai ƙara ga ƙashin bayan mai mota. Dogo ya san duk wannan tun Mai Taya yana goye, amma sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe haka ne?" don hirar ta ƙara tsawo. Shi ma Mai Taya ya gane, sai ya riƙa sawa a kawo shayi kofi biyu.

A ƙarshe ya zaɓi sha shida, ruwan azurfa, mai ƙafa biyar, da taya mai ɗan kauri. Da aka ɗaura, ya ja da baya ya duba, sai ya ga filin nan yana nan. Mai Taya ya nuna masa wasu jajayen sifirin a kwali, gajeru, waɗanda ke saukar da mota ƙasa.

Bakaniken da ke bayan shagon ya juya sifirin a hannu ya ce, "Baba, wannan kayan samari ne fa. Tudun rage gudu zai riƙa gaisawa da salansarka."

"Ni na san yadda ake hawa tudu," in ji Dogo. "A karkace ake bi. Sa mini."

Motar ta sauka yatsu uku. Ta zauna a kan ƙafafunta daram, a kwana kuma ba ta tangaɗi. Ranar Dogo ya zaga gari sau biyu, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje. A wajen danja wani mai babur ya ɗaga masa babban yatsa. Ya dawo gida da labarin a bakinsa, ya tsaya a tsakar gida, sannan ya shiga ya ɗora ruwan shayi.

Alhamis ta zo. Yaya ta fito da sandarta, ta dubi motar sama da ƙasa ta ce, "Auta, iska ce ta fita, ko idona ne?"

"Gyara aka yi mata, Yaya."

Shiga ba ta yi wuya ba, faɗawa kawai ta yi. A ƙofar asibiti ne aka yi ta. Ta yunƙura sau uku gwiwa ta ƙi, kujerar ta yi mata ƙasa da yawa. Dogo ya kama hannu ɗaya, wata ma'aikaciyar jinya ta kama ɗayan, mutane na kallo, har ɗankwalinta ya zame. Da ta tsaya da ƙafarta, hawaye ne a idonta, ba na ciwo kaɗai ba. Da suka dawo ƙofar gida sai ta ce:

"Wancan satin kada ka wahalar da kanka. Mijin jikata zai kai ni."

Dogo ya yi fushi, ya ce a ransa ai motarsa ce. Ya yi sati uku bai leƙa Yaya ba. Alhamis ɗin da ta biyo ya tashi da wuri kamar kullum, ya sa riga, sai ya tuna, ya cire. A sati na huɗu ya koma wurin bakanike ya ce a mayar da tsofaffin sifirin. Bakaniken bai yi masa dariya ba, ya jawo su daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Na san za a neme su."

Daga garejin ya wuce gidan Yaya kai tsaye, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ce ta gaya masa babban ɗan Yaya ya zo shekaranjiya ya tafi da ita garinsu, ta koma can da zama gaba ɗaya. An kira wayar Dogo, ba ta shiga ba.

Tafiyar awa huɗu ce, ya yi ta washegari. Ya same ta a ɗaki mai fanka, ƙafa a kan matashi. Ta ce ya ci abinci, ya ci. Ya ce mata ya ɗaga motar, ta koma yadda take. Ta sa aka ɗage labule ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo.

"Ƙafafun sun yi kyau," ta ce. "Amma kai, Auta, ba ka girma."

Ya so ta fito ko zagayen unguwa su yi, ta ce likita ya hana ta motsi sai bayan wata guda. Ya yi sallama da azahar don kada duhu ya same shi a hanya. A rabin tafiya ya tsaya a wani gidan mai, ya zaga ya taɓa tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya ji ko sun yi zafi, ya sayi ruwa gora ɗaya, ya shanye a tsaye, ya kama hanya.