Turaren Juma'a a Gindin Dutse

Bokitin fenti ne, fari, mai murfi, an ɗaura masa doguwar igiya a mariƙi. Shi ne abin da Baffa ya fara miƙo mini ranar da muka isa gonar, tun ban gama jingine babur ba.

"Zazzage jakarka, ma'aikaci," ya ce. "Duk abin da hanci zai ji, sa shi a nan."

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shi ya riƙe gonarmu ta gado tun rasuwar mahaifin namu. Tana can bayan duwatsu, tafiyar kusan awa guda a babur daga gidana na unguwar Takur a garin Dutse, rabin hanyar duk yashi ne da burtali. A shekarar mun shuka riɗi, 'yan ƙwadago sun yanke sun jingine shi a tsaye yana bushewa. Riɗi kuwa in ya bushe ba a barinsa shi kaɗai, ko shanu su bi ta kansa, ko wani ya zo da tamfol ya kakkaɓe maka shi kana gida kana barci. Shi ya sa na ɗauki hutun kwana biyar a ofis na bi Baffa, mu kwana a bukka har mu kakkaɓe abinmu.

Na zazzage jakar ina gunaguni. Kilishi ya shiga bokiti, ƙuli-ƙuli ya shiga, daddawa da man gyaɗa suka bi. Sabulun wanka, man shafawa, har man goge baki bai tsira ba. Baffa ya danne murfin da gwiwa, ya ɗauki bokitin har ƙarshen gona, ya rataye shi a reshen wata tsamiya, ta ɓangaren da iska ke tafiya ba ta dawowa kan bukka. A gindin tsamiyar nan muke girki, a nan muke ci, a nan muke wanke kwano, ragowar tuwo kuma a binne. Ka ci kilishi ka goge hannu a riga, to ka shirya jin faɗa har la'asar.

Na ce masa, "Baffa, kurayen nan fa sun ƙare tun ina firamare."

Ya ce, "Dage bai ƙare ba. Birai ma suna nan, dila yana nan. Amma ba su nake ji ba." Ya nuna dutsen da bukkar ke jingine a inuwarsa. Can sama akwai wata tsaga baƙa, in ka kasa kunne za ka ji ta tana ruri ƙasa-ƙasa. Zuma ce, ta fi shekara ashirin a wurin. "Maƙwabta ne," ya ce. "Ba su taɓa shiga harkata ba, don ban taɓa kai musu abin da zai tayar da su ba."

Na san dalilinsa sarai, kuma wannan shi ne abin da har yau ba na yafe wa kaina. Shekaru kaɗan kafin nan zuma uku kacal suka harbe shi a kasuwa, wuyansa ya kumbura, numfashi ya gagara. Ni na kai shi asibiti da hannuna. Ina tsaye likita ya ce masa jininsa ba ya ɗaukar dafin, kuma na gaba zai fi wannan muni.

Duk da haka akwai abin da ban sa a bokitin ba. Wata 'yar kwalbar turare ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mai ƙamshin fure, na cusa ta a cikin safa. Ni mutum ne mai son ƙamshi. Tun da na girma ban taɓa shiga sahun Juma'a babu turare ba, kuma Juma'a za ta same mu a gonar. Na ce a raina sunna ce, ɗigo biyu ne, kuma ina shafawa zan hau babur in bar wurin. Kai ka ji wayon ɗan boko.

Ranar Juma'ar rana ta buɗe sosai, irin zafin kaka mai sa riga ta manne a baya. Muka yi shawara ni in je masallaci a ƙauyen da ke kusa, shi ya zauna gadi, tunda ƙafarsa na damunsa. Na yi wanka da ruwa zalla, na shiga bukka da buta na yi alwala, na sa farar rigata. Baffa yana waje yana gyara ɗaurin riɗi. Na zaro kwalbar. Hannuna da danshi, murfin ya suɓuce, abin da na so ya zama ɗigo biyu ya zama rabin kwalba a ƙirjin riga da gemuna.

Na cusa kwalbar a aljihu, na fito ina sauri in wuce shi. Ban yi taku biyar ba ya ɗago kai, ya ja hanci, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Sama kawai ya kalla, ni ma na kalla, sai ga rurin nan na tsagar ya canja murya, wani baƙin abu yana gangarowa ta jikin dutsen.

"Gidan sauro," ya ce.

Muka faɗa bukka, muka shige gidan sauron da muke kwana a ciki, muka danne gefunansa da tabarma da gwiwoyinmu. Guda huɗu sun shigo tare da mu. Na murƙushe uku da hula. Ta huɗun ta riga ta sauka a wuyan Baffa, ƙasan kunne, akwai kuma wata da ta same shi a hannu tun a waje. Na kankare ƙarin da farce. Ya ce in bar murza wurin.

Kafin in ɗago, ragar gidan sauron ta yi baƙi. Ta sama, ta gefe, ko'ina su ne, sun fi yawa ta ɓangaren da nake. In na matsa hagu su bi ni hagu. Ragar ta fara lotsawa saboda nauyinsu, dole muka sunkuya, mu biyu manya a wurin da bai fi shimfiɗar mutum ɗaya ba, ba mai iya miƙe ƙafa. Ƙamshin da nake so duk rayuwata ya cika wurin har yana hawa mini kai, ya koma mini kamar warin masai.

Na zaro waya. Babu sabis, ko sanda ɗaya. A gonar nan wuri ɗaya ake samun sabis, kan dutsen, dab da tsagar zumar. Na yi tsaki na jefar da ita a tabarma.

"Mu jira," in ji Baffa. "In rana ta yi sanyi za su koma."

Muka jira. Gumi yana zuba a idona, ba halin in ɗaga hannu sosai don kada in taɓa ragar su harbe ni ta ciki. Can sai iska ta kawo mana lasifikar masallacin ƙauyen, liman ya hau huɗuba. Nan na gane abin da hakan ke nufi. Duk namijin da zai iya bi ta burtalin nan yana cikin sahu. Ba mai kiwo, ba mai itace, ba mai babur. Ko na yi ihu har maƙogwarona ya tsage, riɗi ne kawai zai ji ni.

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya ce, "Turaren dai mai kyau ne. Nawa kake sa wa in ba ka yi ɓari ba?"

Ya so ya yi dariya, sai tari ya sarƙe shi. A nan na lura leɓensa ya yi kauri, fatar idonsa ta tasa, kuma in ya ja numfashi akwai wani siririn fito a ciki. Na san fiton nan. Shi na ji a bayana ranar da na kai shi asibiti. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, tare da haushin kaina, har na ji kamar in shaƙe wuyana da hannuna. Rana ba za ta yi sanyi ba sai bayan la'asar, shi kuwa a yadda nake jin fiton nan ba zai kai la'asar ba.

Na ce masa ba zan ƙara jira ba. Bai musa ba, kuma rashin musun ya fi komai tayar mini da hankali, don Baffa ko gishiri ka ce ya ji a miya sai ya yi gardama.

Da ishara da 'yan kalmomi ya nuna mini abin yi. Na tuɓe rigar a sunkuye, da ƙyar, gwiwar hannuna ta taɓa raga aka ba ni biyu nan take. Na janyo buta ta ƙarƙashin ragar, na kwarara sauran ruwan a ƙasan bukka, na kwaɓa taɓo, na shafe gemuna da ƙirjina da hannuwana, na dirza har fata ta yi zafi. Na juye ragowar turaren duka a kan rigar, na dunƙule ta da kwalbar a ciki, na sa dutsen da muke danne tabarma don ta yi nauyin jifa. Na kama gefen ragar zan ɗaga, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Bakinsa ya motsa, ban ji ba. Na kai kunne.

"Makulli," ya ce.

Makullin babur yana aljihun rigar. Da na jefa shi tsakiyar zuma, da a nan za a zo a same mu. Mutumin da numfashi ke gagara ya fi ni hankali, ni mai lafiya da takardun makaranta.

Na cire makullin na sa a baki. Na fita da rarrafe, na maida gefen ragar na danne masa, sannan na ruga. Ban san adadin da suka harbe ni ba, na dai ji bayana kamar an watsa mini garwashi. Na yi nesa da bukka iyakar ƙarfina, na wulwula rigar na cilla ta wajen gindin dutse. Yawancinsu suka bi ta. Na zagaya ta gindin tsamiya inda murhunmu yake, na tarar da sauran wuta a toka, na zuba busasshen kashin shanu a kasko na hura har hayaƙi ya turnuƙe, na shigo da shi bukka ina tari.

Ban fitar da Baffa daga ragar ba. Igiyoyinta na tsinke, na naɗe shi a ciki gaba ɗaya, na ɗauko shi. Ashe tsohon nan da nake jin tsoron muryarsa tun ina yaro ba shi da nauyin kirki. Na ɗora shi a babur, na ɗaure shi a bayana da rawaninsa, na tayar. Haka na shiga garin Dutse, daga ni sai wando, jiki duk taɓo, ido ɗaya a rufe, daidai lokacin da mutane ke fitowa daga masallaci cikin fararen kaya suna ƙamshi. Duk hanyar kunnena yana kan fiton nan a bayan wuyana. In ya ɗauke sai in kira shi, in ya dawo in ƙara wuta.

Allah ya sa da sauran kwana. A asibiti aka yi masa allurai, aka sa masa abin numfashi, ya kwana uku. Da Inna, matarsa, ta zo tana kuka tana tambayar yadda aka yi, ina tsaye a bakin gado na buɗe baki zan faɗa, sai ya riga ni. Ya ce shi ne ya je gyara ɗaurin riɗi kusa da dutse, tsufa ya sa ya manta. Ya dube ni da kumburarren idonsa, na rufe bakina. Har ya bar duniya bai canja maganar ba.

Amma bai sake taka gonar ba. 'Ya'yansa suka hana, likita ma ya hana, ƙirjin nasa kuma bai koma daidai ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kwana a gindin dutsen nan duk kaka, ya koma zaman dakali a gidansa na unguwar Limawa, yana tambayar masu wucewa ko riɗi ya yi kyau a bayan duwatsu. In na je gaishe shi sai ya ja hanci ya ce, "Ma'aikaci, yau ma ba ƙamshi?" Ni kuwa tun ranar ban sake sa turare ba, ko na Juma'a, ko na Idi. Bokitin yana wurina, ni nake rataye shi a tsamiya yanzu.

Damina biyu bayan nan ya rasu, da safe, a ɗakinsa. Ni da babban ɗansa muka shiga tare da liman aka yi masa wanka. Da aka shimfiɗa likkafani, liman ya waiwaya ya ce a kawo turare. Wani ya miƙo kwalba ta ƙofa, ta faɗo a hannuna don ni ne a kusa. Na buɗe, sai ga ƙamshin fure, irin wancan sak. Na tsaya riƙe da ita har liman ya ce, "Bismillah mana, ɗansa ne kai."

Na durƙusa na shafa masa a goshi da gemu, na sa a wuyansa ƙasan kunne, inda tabon yake.