Atamfar Dakta da 'Yan Golf na Bakin Teku

A shekararmu ta biyu a Kuala Lumpur muna zaune ne a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Bukit Jalil. Maigidana malamin jami'a ne a gida, an turo shi ƙaro karatu, ni kuma na biyo shi da yara biyu da keken ɗinkina. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, amma ɗinki kam na iya shi, kuma matan 'yan Najeriya da ke unguwar ba su da wata telar da ta san yadda muke son kayanmu sai ni.

Daga tagar da na ajiye keken ana hango filin golf, kore shar, da itatuwa da tafkuna, maza suna yawo a cikin 'yan motoci marasa ƙofa. Ban taɓa ɗaukar sa komai ba face wasan masu kuɗin da suka rasa abin yi.

Ni mutum ce mai yawan tantama. In mun fito, sai na koma na sake duba gas. In na yi alwala, sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya taɓa gwiwar hannuna. Malam, wato maigidana, yakan ce, "Hajiya, da ana ba da digiri a tantama, da kin riga ni gamawa."

A wani azumi da ya faɗo a watan Yuli, wata malama da ke karatun digiri na uku ta kira ni gidanta a Sri Petaling. Dakta muke ce mata tun ba ta gama ba. Mace ce mai faɗa a ji, ita ke riƙe da zauren matanmu na waya, kuma ba ta tauna magana. Ta buɗe akwati ta fito da wata tsohuwar atamfa Holan, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda aka daina yi. Ta mahaifiyarta ce, wadda ta rasu a farkon shekarar, Dakta tana nan, ba ta samu zuwa jana'iza ba. Marigayiyar ta taɓa yankar wani ɓangare, don haka ba turmi ba ce cikakkiya.

"Riga da zani da ɗankwali, ranar Sallah nake son sawa," in ji ta. "Ban san ko za ta isa ba. In ba ta isa ba, ki cika bakin zanin da wani ƙyalle daga ciki, inda ba a gani."

Na auna ta da tef ɗina na Kano, na rubuta. Na auna atamfar sau biyu. Za ta isa, amma babu rarar ko taƙi ɗaya.

Da na dawo gida sai tantamata ta motsa. Tef ɗin nan ya tsufa, lambobin farko sun goge, ƙarfen bakinsa ya fita. Na ce ba zan sa almakashi a kayan mamaciya da irin wannan ba. Washegari na shiga wani kedai, wato shago, na sayi sabo dal. Da shi na shata rigar da alli, na auna sau uku, na yi bismilla na yanka.

Sai da na ɗaga gaban rigar na ga kamar na mutum biyu ne. Na ɗauko tsohon tef na jera su a ƙasa. Incin sabon ya fi na tsohon tsawo sosai. Daga baya aka gaya mini awon Sinawa ne, kama da inci kawai ya yi. Rage riga ba wuya, amma abin da na datse ya zama tsumma, dogaye da gajeru, zanin kuma ya gaza da kusan taƙi biyu.

Na hau jirgin ƙasa na je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da bakin azumi, na bi shagunan yadi har na samu batik, yadin ƙasar, shuɗi mai kama, na cika bakin zanin da shi. Ɗinkin ya yi kyau. Tsummokaran kuwa na ƙulle su a leda na tura ƙarƙashin keke. A kowane hawa na benenmu akwai ɗakin zuba shara. Taku ashirin ne daga ƙofarmu. In ledar nan ta tafi, abin da zan ce wa Dakta shi ne abin da ita da kanta ta fara faɗa: atamfar ba ta isa ba. In kuwa na faɗi gaskiya, na san bakinta, na san kuma zauren nan. Kalma ɗaya ta isa a daina kawo mini ɗinki. Kwana huɗu ina ɗaukar ledar ina ajiyewa. Ko Malam ban gaya wa ba.

Ranar Juma'a, saura kamar kwana goma Sallah, Malam ya dawo daga masallaci ya kwanta a kujera ya kunna talabijin don rage yini. Malaminsa na jami'a ɗan golf ne, shi ya cusa masa kallon. Ina daga gefe ina ƙarasa ɗankwalin, sai na ji ƙarar iska na fitowa daga akwatin. Na ɗaga kai.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Babu itace ko ɗaya. Tuddai ne ƙanana suna hawa da sauka har bakin teku, ciyawar kuma ba kore ba, ruwan ƙasa-ƙasa, doguwa, iska tana kwantar da ita gaba ɗaya kamar ana shafa bayan dabba. Tekun toka-toka, sama toka-toka, ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare. Mu nan la'asar ta kusa, zufa na karyo mini, su can safiya ce, mutane sun duƙunƙune a cikin rigunan sanyi da huluna, a watan Yuli.

"Malam, wannan ma golf ne? Ina motocin?"

"Wannan shi ne na asali," in ji shi. "Babbar gasa ce, sau ɗaya a shekara, kullum a bakin teku. Babu mota, da ƙafa za ka taka. Na ƙasan tagarki lambu ne kawai."

Ya bayyana mini cewa wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke ci, kuma bayan kwana biyu ana sallamar waɗanda bugunsu ya yi yawa. Ranar ita ce ta biyun.

Na ajiye allura. Wani ya buga, ƙwallon ta tashi har ta ɓace a cikin gajimare, ni na ɗauka ta tafi teku, sai ga iska ta lanƙwaso ta ta dire, ta yi ta gangara tana bin tudu da kwari kamar ta san hanya, ta tsaya dab da tuta. Na ce, "Subhanallahi! Da gangan ya yi?" Malam ya ce da gangan, ai iskar ya ba ajiya. Na ga ramukan yashi masu zurfi kamar an fara haƙa rijiya, bangonsu a miƙe. Wani ya faɗa ciki, hularsa kaɗai ake gani, ya buga sau biyu ƙwallon tana dawo masa, a na uku ya juya ya fitar da ita ta baya.

Abin da ya fi kama ni shirun ne. Jama'a ce kamar filin Idi, amma da mai bugu ya sunkuya, wasu mutane suka ɗaga hannu, sai kowa ya yi tsit. Tutoci kaɗai ke kaɗawa, da kukan tsuntsayen teku. Ni da ke falo a wata duniya sai na samu kaina na riƙe numfashi.

Can aka nuno wani dogo, ba yaro ba, furfura ta fara fito masa. Ƙwallonsa ta faɗa cikin doguwar ciyawar nan, nesa da 'yan kallo, shi kaɗai sai mai ɗaukar masa jaka a can gefe. Malam ya ce a kan gaɓa yake, bugu ɗaya zai iya mai da shi gida. Ya sa sandarsa a bayan ƙwallon. Sai kawai ya miƙe, ya ja da baya, ya ɗaga hannu yana kiran wani.

"Me ya faru?"

Malam ya tashi zaune. "Alƙali yake kira. Wai ƙwallon ta motsa da ya sa sanda."

Aka maimaita hoton a hankali, aka matso da shi, aka sake. Ni sana'ata kallon zare ce, amma wallahi ban ga komai ba. Masu sharhin ma, in ji Malam, sun ce ba su gani ba.

"To wa ya gani?"

"Shi."

"Shi kaɗai? Kuma ya kai ƙarar kansa?"

"Haka dokarsu take. Kai ne ɗan sandan kanka."

Alƙalin ya zo, dattijo, iska na neman kwashe masa hula. Suka tsuguna su biyu a kan ciyawa, mutumin yana nuni da yatsa, abin bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. Ba musu, ba rantse-rantse. Aka ƙara masa bugu ɗaya, ya mai da ƙwallon inda take da hannunsa. Sannan ya gyara tsayuwa ya buga, ya miƙa sandar, ya sa kai cikin iska ya tafi. Ina ta jira ya waiwayo ya dubi wurin. Bai waiwayo ba.

Mutumin nan ban san addininsa ba, ban san ko yana tuna hisabi ba. Ga ni da azumi a baki, ga leda a ƙarƙashin keke.

"Malam," na ce, "na ɓata atamfar Dakta."

Ya rage sautin. Na gaya masa duka, na fito da tef biyun. Ya jera su, ya yi salati, sannan dariya ta so ƙwace masa ya danne.

"Wato tsoron kuskure ne ya kai ki sayen kuskure. To yanzu me kike so?"

"Ka kai ni Sri Petaling gobe."

Dakta na zaune da takardu a tabarma lokacin da na shiga. Muka gaisa, na tambayi ibada, na miƙa kayan. Ta ware zanin, ta ga batik ɗin.

"Ayya, ba ta isa ba ko? Na faɗa miki ai. Kin ma iya zaɓe, Hajiya."

Ƙofar tsira ce ta buɗe mini har bango. Na ajiye ledar a gabanta na kwance.

"Ta isa, Dakta. Ni na ɓata."

Na faɗi yadda aka yi. Ba ta dube ni ba. Ta dinga ɗaukar tsummokaran ɗaya-ɗaya tana shimfiɗawa a cinyarta tana gogewa da tafin hannu. Ta daɗe.

"Kin ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Inna ta fi shekara ashirin tana adana abin nan, ke kin gama da shi a yini ɗaya. Sabon tef! Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Duka ke nan? Ba ki zubar da komai ba?"

"Ko zare."

Ta tura mini zanin. "Farke wannan na Malesiya. Ki harhaɗa na Inna ki mayar, ko ɗinki ɗari za a yi. Ba na son baƙon ƙyalle a jikinsa."

Kwana uku na yi ina haɗa su, ina bin zanen ganyen don ya dace inda zai yiwu. Inda bai yiwu ba na bar shi haka. Bakin zanin ya fito duk layi-layi, amma tsawon ya cika.

A zaure kuwa Dakta ta rubuta cewa duk mai sayen tef a garin nan ta gwada shi da na gida tukun. Ba ta ambaci suna ba, amma tela nawa ce a unguwar? Mata biyu suka aiko aka karɓi yadinsu, ɗaya ba ta sake kawowa ba har muka bar ƙasar. Na tambayi Malam labarin dogon mutumin nan, ya ce bai ga sunansa a cikin waɗanda suka rage ba. Ko bugun nan ɗaya ne ya fitar da shi, bai sani ba.

Ranar Sallah bayan an sauko, muka taru a wani ɗakin taro da ɗalibai suka kama. Na hango ta a cikin shuɗiyar atamfar, ana ta yaba mata. Na ratsa na je na gaishe ta, na fara, "Dakta, don Allah game da..."

"Hajiya, an gama wannan. Kin faɗa, kin gyara. Zo ki zuba mana miya."

Haƙuri na biyu yana kan harshena, na uku yana bayansa, na san halina. Sai na tuna bayan mutumin nan yana hawa tudu, rigarsa na kaɗawa, teku a gefensa. Na haɗiye, na ɗauki ludayi.